Mala'ikun Takarda da Ganyen Ƙarfe: Yadda Tsofaffin Majami'un Ingila Suka Yi Zaman Makokin Korona

Duk wanda ya shiga babbar majami'ar Ripon da ke arewacin Yorkshire a Ingila cikin watan Agustan 2020, abin da zai fara yi shi ne ɗaga kai. Can sama, tsakanin ginshiƙan dutse, an ɗaura wata makekiyar raga, a jikinta kuwa mala'iku 10,000 ne ke reto, dukansu na takarda. Ba wani shahararren gwanin zane ne ya zauna ya yi su ba. 'Yan sa-kai da 'yan makaranta ne suka ninke su ɗaya bayan ɗaya, da irin fasahar ninke takarda ta Japanawa da ake kira origami, a watannin da annobar korona ta tsare kowa a gida. Kowane mala'ika yana wakiltar addu'ar wani, ko don ɗan'uwa da ya rasu, ko don ma'aikatan asibiti da ke kwana tsaye. Mai aiko da addu'a kan haɗa da ɗan abin da ya samu, kuɗin kuma aka raba tsakanin majami'ar da ƙungiyar da ke ɗaukar marasa lafiya da jirgi mai saukar ungulu a yankin.

A ƙarƙashin daɓen da mai kallo ke tsaye a kai akwai wani ɗan ɗakin ƙasa da Wilfrid, limamin da ya kafa wurin, ya gina a shekarar 672. Wato a ƙasa gini ne da ya haura shekara 1,300, a sama kuwa takarda ce da ba za ta jure yayyafi ɗaya ba. Wannan haɗin shi ya daɗe yana ba ni mamaki. Mutanen da kakanninsu suka saba sassaƙa sunan matattu a jikin dutse da tagulla, me ya sa da mutuwa ta yi musu ɗauka mafi girma tun bayan yaƙin duniya na biyu, sai suka koma ga takarda da zare?

Amsar tana farawa ne daga abin da annobar ta ƙwace musu. Ran 23 ga Maris 2020 Firaminista Boris Johnson ya sanar da dokar kulle. Washegari manyan shugabannin Cocin Ingila biyu, Akbishop na Canterbury da na York, suka umarci a rufe majami'u, har limamin ma aka ce kada ya shiga yin addu'a shi kaɗai. Ranar Ista, Akbishop Justin Welby daga kicin ɗin gidansa ya jagoranci ibada ta bidiyo. Masu bin tarihi sai da suka koma har shekarar 1208, lokacin da Fafaroma Innocent na III ya dakatar da ibada a majami'un Ingila saboda rigimarsa da Sarki John, kafin su sami abin da za su kwatanta da wannan rufewar. Jana'iza ta koma ta bakin kabari ko ta gidan ƙona gawa, da mutane 'yan ƙalilan, kowa nesa da kowa. Ko da aka sassauta, mutum 30 aka ƙayyade, kuma aka hana jama'a rera waƙa tare. Mutane da yawa ta fuskar waya suka yi bankwana da iyayensu, ma'aikaciyar jinya na riƙe da wayar a kusa da gadon. A Landan an binne wani yaro Musulmi ɗan shekara 13 ba uwa ba 'yan'uwa a wurin, saboda suna killace a gida, sai wasu mutane cikin fararen rigunan kariya suka saukar da akwatin da igiya.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ka ƙaddara an yi maka rasuwa, amma ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, ba wanda ya zo ya durƙusa ya ce maka "ya haƙuri", ba maƙwabciyar da ta aiko yaro da kwanon abinci, ba sadakar uku balle ta bakwai. Gawa ta tafi, amma mutuwar tana nan zaune a tsakar gida ba wanda ya raka ta. Haka dubun dubatar gidaje suka kasance a Birtaniya, ƙasar da a ƙarshe sama da mutum 200,000 aka rubuta korona a takardar shaidar mutuwarsu. Ga shi kuma yawancin Turawan Birtaniya a yau ƙona gawa suke yi, kusan huɗu cikin biyar, don haka sau da yawa ko kabarin da za a je a tsaya a kai babu.

Da wannan idon nake kallon abubuwan da aka rataya a majami'un. Makoki ne da aka ci bashinsa, aka zo ana biya daga baya. Kuma abu mafi muhimmanci a ciki, a ganina, ya faru ne tun kafin a rataya komai, a kan teburin cin abinci na wani gida. Mai makoki yana son abin da zai yi da hannunsa. A wurinmu akwai haƙa kabari, akwai kama makara, akwai zuba ƙasa, mata na can suna fama da tukwane. Duk wannan wahalar tana rage wa zuciya nauyi, ko da ba mu faɗa. To korona ta ɗaure wa mutane hannu. Sai ga takarda mai kusurwa huɗu: ka ninke ta biyu, ka bi layin da farcen babban yatsa har ya kwanta, ka buɗe, ka karya kusurwa ta zama fiffike, ka ga ɗaya fiffiken ya fi ɗaya tsawo, ka warware ka sake. Na farko yakan fito a karkace. Kafin ka kai na ashirin hannu ya gane hanya, tunani kuma ya tafi wurin wanda kake yi dominsa. Tsohuwar da ba ta iya zuwa ko'ina za ta iya wannan, ɗan aji uku ma zai iya. Ranar da aka haɗa na kowa wuri ɗaya, ba mai iya nuna nasa a cikin 10,000, amma kowa ya san yana ciki.

Akwai kuma wani dalili da ba shi da alaƙa da zuciya ko kaɗan, dalili na doka. Cocin Ingila yana da majami'u kusan 16,000, kuma kimanin 12,500 daga ciki suna cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukuma ke karewa. A irin wannan gini ba ka da ikon kafa allo a bango ko sauya taga don kawai kai ne limami. Majami'ar unguwa sai ta nemi izini daga kotun cocin yankinta, manyan majami'u kuwa kowacce tana da kwamitin kula da gininta, sannan ga wata hukuma ta ƙasa da ke sa ido a kansu duka. Abin da zai dawwama a jikin gini yakan ɗauki watanni ko shekaru ana kai da komo a kansa, masana tarihi su ce nasu, masu zanen gini su ce nasu. Abin da za a ɗora yau a sauke bayan wata biyu bai bar tabo ba, hanyarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ga kusan duk ayyukan nan ko dai suna reto a jikin raga da zare, ko suna shimfiɗe a ƙasa. Ginin ne da kansa ya zaɓi kayan aikin. Girmansa ma ya taimaka: a lokacin da ake tsoron haɗa numfashi, da wuya a sami rufaffen wuri a gari da ya kai babbar majami'a faɗi da tsawon rufi, inda mutane za su shiga ta wannan ƙofa su fita ta waccan da tazara a tsakaninsu. Wannan faɗin ne ya sa a Janairun 2021 majami'ar Salisbury, wadda aka fara ginawa a 1220, ta zama wurin allurar rigakafi, tsofaffi na zaune suna jiran layi ana kaɗa musu ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu. Majami'ar Lichfield ma ta yi haka, daga baya har majami'ar Westminster Abbey ta Landan.

A cikin duk ayyukan, wanda ya fi kama ni shi ne na Peter Walker, mai sassaƙa da ya daɗe yana aiki da majami'ar Lichfield. Ganye 5,000 ya yanka daga farantin ƙarfe, kowanne da siffar ganyen wata bishiya da suke kira sikamo, a jikin kowanne kuma an rubuta kalma ɗaya ta Turanci mai nufin fata, wato sa rai da alheri. Ba a rataya su ba. Zuba su ake yi a kan daɓen majami'a kamar iska ce ta kaɗo su daga waje ta tara. Sunan aikin, wato "Ganyen Bishiyoyi", daga littafin Wahayin Yahaya aka ɗauko shi, sura 22 aya 2, inda aka ce ganyen itacen rai na warkar da al'ummai ne. Daga 2020 ganyen suka fara yawo daga wannan majami'a zuwa waccan, Exeter, Sheffield, Lichfield, Southwark a Landan, da wasu da dama. Hikimar tana cikin ƙarfen: irin wanda ke tsatsa ne, kuma da gangan aka bar shi ya yi. Waɗanda suka gan su a farkon tafiya sun ga ƙarfe mai ruwan toka. Waɗanda suka gan su daga baya sun tarar sun fara komawa ja-ja da ruwan ƙasa, launin ganyen da ya bushe ya faɗo. Damshin kowane gari da hannun duk wanda ya kwashe su ya sake zubawa sun bar alama. Ban san wani dutsen tunawa da zai iya wannan ba, ya tsufa tare da baƙin cikin masu kallonsa.

Na faɗi abin yabo, bari in faɗi na tsegumi, don akwai shi, kuma ba ƙarya ba ne. Manyan majami'un Cocin Ingila 42 ne, kuma gwamnati ba ta ɗauke musu nauyin yau da kullum, saɓanin Faransa inda mafi yawan tsofaffin manyan majami'u mallakin gwamnati ne tun dokar 1905. Masu ziyara ne ke riƙe da su, da kuɗin shiga, da kantin tsaraba, da wurin shan shayi, da hayar zaure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, rufin da ya shekara 800 kuwa yoyonsa ba ya ƙarewa. Tun kafin annoba suke neman dabarar jawo mutane. A 2019 majami'ar Rochester ta shimfiɗa filin wasan golf na nishaɗi a tsakiyar zaurenta, ta Norwich kuma ta kafa wani dogon silalo irin na filin wasan yara, aka yi ta cece-kuce a jaridu. Da korona ta zo, kuɗin shigar majami'ar St Paul ta Landan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a 2020. Saboda haka idan wani ya ce mala'ikun takarda hanya ce ta dawo da ƙafafun mutane cikin gini, ya faɗi wani ɓangare na gaskiya.

Mai tsegumin zai iya ƙarawa da cewa wasu ayyukan ma ba don korona aka ƙirƙire su ba. Kurciyoyin takarda na Peter Walker a Lichfield aka fara rataya su a 2018, don cika shekara 100 da ƙarshen yaƙin duniya na farko, sai ga su a majami'ar Liverpool a 2021, guda 18,000, 'yan makaranta da ƙungiyoyin unguwa sun rubuta saƙo a jikinsu. Wani Bajamushe, Michael Pendry, shi ma yana da nasa kurciyoyin, waɗanda aka rataya a Salisbury a 2018 bayan harin guba da aka kai garin, sannan a ƙarshen 2020 suka sauka a babbar majami'ar Washinton ta Amurka. Kurciya ɗaya ta yi wa yaƙi, ta yi wa guba, ta yi wa annoba. Ni dai wannan bai dame ni sosai ba. Likkafani ma iri ɗaya ne ga kowa, kuma kalmomin ta'aziyya da aka faɗa wa kakanka su za a faɗa wa jikanka. Abin da ke sabo shi ne rubutun da yaro ya yi a kan fiffiken. Inda nake ganin matsala wani wuri ne daban, zan zo kansa.

Kafin nan, yana da kyau a waiwaya, don Turai ba yau ta fara haɗa annoba da ginin coci ba, sai dai da can salon daban ne. A 1630 annobar da ɓeraye da ƙuma ke yaɗawa ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin Venis. Majalisar birnin ta yi alwashi cewa idan aka yaye musu za ta gina wa Maryamu majami'a. Aka ba Baldassare Longhena aikin, aka yi fiye da shekara 50 ana yi, sai a 1687 aka keɓe ta, ita ce Santa Maria della Salute mai farar ƙubba da ke bakin babbar mashigar ruwan birnin. Kafin ita, annobar 1575 zuwa 1577 ta haifar da majami'ar Redentore ta Andrea Palladio. A Viyana, Sarki Charles na VI ya yi irin wannan alwashin a 1713, aka gina Karlskirche. Mutanen ƙauyen Oberammergau a Jamus kuwa a 1633 wasan kwaikwayo suka yi alkawari, na shan wahalar Almasihu, duk shekara goma, kuma har yau suna cikawa, sai dai na 2020 korona ta tura shi 2022.

Duba bambancin. Waɗancan alwashi ne tsakanin masu mulki da Ubangiji, kuma godiya ce ta waɗanda suka tsira. Ba sunan talakan da ya mutu a jikin Salute. An ɗauki annoba a matsayin horo daga sama, don haka maganarta da sama ake yi. Na yanzu kuwa daga ƙasa suka taso, hankalinsu na kan wanda ya tafi da wanda aka bari, kuma da wuya ka ji limamin Cocin Ingila ya ce korona azaba ce. A tsakanin waɗannan zamuna biyu akwai wani shiru mai ban tsoro. Murar 1918 ta kashe kimanin mutum 228,000 a Birtaniya, adadin da ya yi kusa da na korona, amma ka zaga ƙauyukan Ingila, kusan kowanne yana da allo ko ginshiƙi mai sunayen samarin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, na mura kuwa sai ka sha wahala kafin ka ga ɗaya. Wanda harsashi ya kashe an ce ya mutu don ƙasa. Wanda tari ya kashe a gadonsa ba a san labarin da za a ba da a kansa ba, sai aka yi shiru. Masu shirya abubuwan tunawa na korona sun san wannan tarihin, kuma tsoron maimaita shi na cikin abin da ya sa aka yi gaggawa, ana tsakiyar annoba ana rataya abin tunawa da ita.

Sai tambayar da ba a cika son yi da ƙarfi ba: matattun wa ake tunawa, kuma a ɗakin wa? Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46.2 cikin 100 ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karon farko da suka gaza rabi, yayin da kashi 37.2 suka ce ba su da addini, Musulmi kuma suka kai kashi 6.5. Annobar ma ba ta yi rabon daidai ba, ta fi cin baƙaƙen fata da 'yan asalin kudancin Asiya. Likitocin farko da ta kashe a Birtaniya Musulmi ne 'yan ci-rani, cikinsu da Adil El Tayar da Amged El-Hawrani 'yan asalin Sudan, da Dakta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi ta jihar Kwara, wanda ya yi ritaya amma ya ci gaba da duba marasa lafiya har cutar ta kama shi, ya rasu a ƙarshen Maris 2020 yana da shekara 68. Iyalin irin waɗannan mutane za su ga kansu a cikin mala'ikan takarda da ke reto a gaban bagade? Wasu za su shiga ba tare da damuwa ba, wasu ko kusa. Cocin Ingila dai yana ɗaukar kansa cocin ƙasa, mai hakkin kowa da ke zaune a yankinsa ko yana zuwa ibada ko ba ya zuwa, kuma ina ganin wannan ne ya sa alamomin suka yi ta karkata zuwa ganye da kurciya da zuciya, abubuwan da ba sa tambayar mutum aƙidarsa. Majami'ar St Paul ta fito fili da wannan. A Mayun 2020 ta buɗe littafin tunawa a intanet, ta ce na kowa ne, mai kowane addini da marar addini, iyali su sa suna da hoto da 'yan kalmomi kyauta. Daga baya jaridar Daily Mail ta jagoranci tara fiye da fam miliyan 2 don gina sabuwar mashiga ta tunawa a ɓangaren arewa na ginin, daidai inda bam ɗin Jamusawa ya rusa a 1941. Wanda ya zana ta, Oliver Caroe, mai kula da ginin majami'ar, shi ma korona ta ɗauke masa mahaifiya. Wannan na cikin 'yan kaɗan da suka bi doguwar hanyar izini suka zama gini. Amma tunda iyali ne ke kawo suna da kansu, sunayen da ke littafin ba su kai ko kusa da yawan waɗanda suka mutu ba.

Yawan ma kansa matsala ne da ya gagari kowa. Ganye 5,000 ba su yi daidai da komai ba, mala'iku 10,000 ma haka. A Washinton sun gwada da sauti. Babbar ƙararrawar majami'ar, mai nauyin tan 12, ana buga ta sau ɗaya a madadin kowane mutum 1,000 da ya mutu. A Disambar 2020 sau 300 aka buga. A Mayun 2022, da Amurka ta kai miliyan ɗaya, aka buga sau 1,000, abin da ya ɗauki kimanin sa'a ɗaya da rabi. Da a ce kowane mamaci za a ba shi bugunsa, da wannan tazarar, sai an haura wata biyu ana bugawa dare da rana.

Yanzu ga inda na ce ina ganin matsala. Duk abin da aka rataya a majami'a lallashi yake yi. Yana cewa ka yi haƙuri, ka sa rai, ba kai kaɗai ba ne. Ba ya tambayar wa ya yi sakaci. Alhali da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa rasuwa a Birtaniya fushi ne ke cin su, ba baƙin ciki kawai ba: jinkirin sa dokar kulle, ƙarancin kayan kariya ga ma'aikatan asibiti, mayar da tsofaffi daga asibiti zuwa gidajen kula da su ba tare da gwaji ba. Ran 17 ga Afrilun 2021 duniya ta ga Sarauniya Elizabeth zaune ita kaɗai da baƙin takunkumi a jana'izar mijinta a Windsor, tana bin dokar mutum 30. Daga baya ta fito cewa a daren jajibirin ranar ma'aikata sun yi shagali a fadar Firaminista, har sai da fadar ta nemi gafarar gidan sarauta. Wanda ya binne uwarsa ta bidiyo ya ji wannan labari, ganye mai rubutun fata ba zai ishe shi ba.

Shi ya sa abin tunawa da ya fi kowanne ƙarfi a ƙasar bai shiga coci ba. Ran 29 ga Maris 2021, ƙungiyar iyalan da korona ta yi wa rasuwa, tare da wasu 'yan fafutuka da ake kira Led By Donkeys, suka je wani bango da ke bakin kogin Tems, a gindin asibitin St Thomas, suka fara zana jajayen zukata da hannu ba tare da sun jira izinin kowa ba. Zuciya ɗaya, mutum ɗaya. Cikin kwana goma ko makamancin haka suka zana kimanin 150,000 a tsawon kusan mita 500, mutane suka riƙa zuwa suna rubuta sunaye a ciki. Ba banza aka zaɓi wurin ba, yana kallon majalisar dokoki ne kai tsaye daga tsallaken ruwa, ɗan majalisa na shan shayi a baranda yana hango shi. Iyalan nan su ne suka matsa har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Heather Hallett. Wani abin lura, ƙarshen bangon yana dab da fadar Lambeth, gidan Akbishop na Canterbury, kuma Justin Welby ya taka ya zo ya bi bangon tare da wani limamin Musulmi da wani malamin Yahudawa. A nan coci ce ta fito ta zo wurin makokin. Ba na cewa majami'u sun yi laifi da suka tsaya ga lallashi, aikinsu ke nan, kuma wanda ya zo ta'aziyya ba a sa ran ya buɗe shari'a a kan tabarma. Sai dai idan lallashin ne kaɗai ya rage a tarihi, jikoki za su ɗauka ƙaddara ce zalla ta faɗo, ba hannun kowa a ciki.

Kuma ko lallashin ma, zai rage? An sauke mala'ikun Ripon. Ganyen ƙarfe kan koma cikin akwati bayan kowace majami'a. Kwamitin da gwamnati ta naɗa ƙarƙashin Nicky Morgan ya ba da shawara a 2023 cewa a adana bangon zukata, a kuma ware rana ɗaya a watan Maris duk shekara don tunawa. Shawara ta biyun ce na fi ba muhimmanci, saboda abin da Venis ta nuna. Ƙubbar Salute masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonta, yawancinsu ba su san dalilin gina ta ba. Abin da ke tuna wa 'yan garin shi ne ranar 21 ga Nuwamba, da ake shimfiɗa gada ta wucin gadi a kan ruwa, su tsallaka da ƙafa su kunna kyandir, su koma gida su ci wani romon busasshen naman rago da kabeji da ake dangantawa da kwanakin annobar. Gadar ma cire ta ake yi bayan biki, kamar ragar Ripon, illa dai ita tana dawowa.

A Ingilar ma akwai misali, ƙauyen Eyam a Derbyshire. A 1665 annoba ta shigo musu cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan. Limamin ƙauyen, William Mompesson, da wani tsohon limamin wurin, Thomas Stanley, suka shawo kan mutane su killace kansu kada cutar ta ƙetara zuwa maƙwabta. Aka rufe majami'a, ibada ta koma wani kwari a fili, kowane gida a tsaye nesa da wani. Kowa ya binne nasa. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. A bakin iyakar ƙauyen akwai dutse mai ramuka inda suke ajiye kuɗi cikin ruwan tsami, mutanen waje su ɗauka su bar musu abinci. Mutum 260 suka mutu, har da Catherine matar limamin. Tagar gilashi mai launi da ke ba da wannan labari a majami'ar ƙauyen sai a 1985 aka sa ta, shekara kusan 320 bayan abin ya faru. Amma tun kafin tagar, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta mutanen Eyam kan yi jerin gwano zuwa wancan kwarin su yi ibada a fili, a kuma ɗora furanni a kan kabarin Catherine.

A bangon Landan kuwa, jan tawadar da aka fara zanen da ita ba ta jure rana da ruwan sama ba, cikin 'yan watanni zukatan suka fara koɗewa. Wasu 'yan sa-kai ƙalilan, galibinsu mata da suka rasa miji ko uba ko ɗa, su ne ke zuwa duk ranar Juma'a da gwangwanin fenti da buroshi, suna bin zukatan ɗaya bayan ɗaya suna sake musu ja, suna maimaita sunan da ya dusashe, suna ƙara sababbi.